Na bar madarar shanu saboda suga, yanzu yunwa ta hana ni sakat

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 44, ina aikin ofis, 'ya'yana uku. Wata huɗu da suka wuce likita ya auna jinina ya ce ban kamu da ciwon suga ba tukuna, amma ina bakin ƙofa. Gwajin nan da ke nuna matsakaicin suga na wata uku ya ba da 6.1. Bai ba ni magani ba, ya ce in gyara cimata, in rage ƙiba, in dawo bayan wata shida. Babbar 'yata da ke jami'a ta ce madarar shanu ce matsalata, wai akwai sukari a ciki. Da ma in na sha ta da yawa cikina yakan yi ƙugi. Sai na koma madarar da ake yi da hatsin ots, wadda aka rubuta a kwalinta cewa ba a ƙara mata sukari ba. Karin kumallona bai canja ba: babban kofin shayi da madara fiye da rabi, sai burodi yanka biyu. Da can wannan yana kai ni wajen ƙarfe ɗaya. Yanzu ƙarfe goma da rabi yunwa ta kama ni har hannuna yana ɗan rawa, sai in shiga cin biskit. Na ƙara kilo biyu. Na sayi na'urar gwaji, awa ɗaya bayan karyawa nakan ga wajen 170. Maigidana ya ce in koma abin da na sani, 'yata ta ce in gwada madarar almon. Wa zan bi?

— Mai karanta ki kullum

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da fama, Allah ya ƙara lafiya.

Kada ki bi kowa tukuna. Ɗauko kwalin nan daga firij, ki juya shi ta baya. Gaban kwali na mai talla ne. Bayansa kuwa, inda aka jera ƙananan lambobi da rubutun da sai an matso da ido, nan ne doka ta tilasta wa kamfani faɗin gaskiya. Layi biyu kawai nake so ki nema: na furotin da na jimlar kabohaidiret, wato sitaci da sukari. Duk abin da ya same ki cikin watanni huɗun nan yana tsakanin waɗannan layuka biyu, kuma babu ruwansu da cewa daga saniya abin ya fito ko daga gona.

Kofi ɗaya na madarar shanu, wajen mililita 240, yana ɗauke da furotin giram 8 da kabohaidiret giram 12. 'Yarki ba ta yi ƙarya ba, giram 12 ɗin nan sukari ne, sunansa laktos. Sai dai shi sukari suna ne ya tara su, hali kowa da nasa. Laktos sukari biyu ne a haɗe: gulukos, wanda shi ne sukarin da ke yawo a jini, da galaktos. Kafin ya shiga jini sai hanji ya raba su, sannan shi galaktos ɗin sai ya biya ta hanta an sarrafa shi. Wannan zagaye yana cin lokaci. A 1981 wani masani mai suna David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto ta Kanada suka fito da ma'aunin da ke nuna saurin da abinci ke ɗaga sukarin jini, inda aka ba gulukos zalla maki 100. A wannan ma'auni madarar shanu tana zaune ne ƙasa, wajen 30 zuwa 40. Farin burodi yana wajen 70 ko sama.

Yanzu dubi na ots. Kofi ɗaya yakan zo da kabohaidiret kamar giram 16, furotin kuma giram 2 zuwa 3, gwargwadon kamfanin da ya yi. Za ki ce to ai giram huɗu ne kawai bambancin. Haka ne, amma irin sukarin ne ya bambanta. Gwada wannan gobe da safe: gutsuri burodi, ki yi ta taunawa ba tare da kin haɗiye ba, minti ɗaya ko biyu. Za ki ji ya fara zaƙi a bakinki, alhali ba ki sa masa komai ba. Wani sinadari ne da ke cikin miyau, amiles, yake yanyanka sitaci zuwa wani sukari da ake kira maltos. Abin da bakinki ya yi wa burodin nan, shi masana'anta ke yi wa hatsin ots a cikin tanki. In ba a yi haka ba, da ruwan zai yi kauri ya yi yauƙi, ba zai zubu kamar madara ba. Wani masani ɗan Suwidin, Rickard Öste na Jami'ar Lund, shi ya inganta wannan dabara a shekarun 1990, kuma daga aikinsa kamfanin Oatly ya fito. Shi maltos gulukos biyu ne a manne, rabuwarsu ba wuya, kuma a ma'aunin Jenkins yana kafaɗa da kafaɗa da gulukos zalla. Don haka rubutun "ba a ƙara sukari ba" na iya zama gaskiya ta fuskar cewa babu wanda ya ɗebo cokali ya zuba, amma an riga an haifi sukarin a ciki tun kafin a rufe kwali. Jininki kuwa ba ya tambayar ta ina sukari ya shigo.

Kin ga ke nan garin gudun gara kin faɗa gidan zago. Kin ajiye sukari mai tafiyar hawainiya kin ɗauko mai gudu, sannan kin zubar da kashi biyu cikin uku na furotin ɗin da ke riƙe miki ciki.

Maganar furotin ɗin nan ce nake so mu ɗan zauna a kanta, don ita ce amsar yunwar ƙarfe goma da rabi. In kin taɓa matsa lemon tsami cikin madara mai ɗumi, kin ga yadda take tsinkewa: farin gudaji a gefe, wani ruwa tsararo mai ɗan ɗorawa a gefe. Gudajin shi ne kesin, wajen kashi 80 cikin ɗari na furotin ɗin madara. Sauran kashi 20 ɗin yana narke cikin wancan ruwan, masana suna kiransa wei. Abin da lemon tsami ya yi a cikin kofi, shi ruwan tsamin ciki ke yi wa madarar da kika sha. Kesin yana curewa a tumbi, ya zama kamar abinci mai tauri, ya riƙa sauka hanji kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i. Shi kuma wei da sauri yake wucewa, kuma da ya isa hanji sai ya tayar da wasu sinadaran saƙo, cikinsu har da wanda ake kira GLP-1. Aikin wannan sinadari shi ne ya sa a saki insulin mai sauke sukarin jini, ya rage saurin da tumbi ke sauke abinci, ya kuma gaya wa ƙwaƙwalwa cewa an ci. In kin ji labarin alluran rage ƙiba da suka cika duniya a 'yan shekarun nan, irin su Ozempic, to kwaikwayon wannan sinadarin suke yi, sai dai da ƙarfin da babu abincin da zai kai. Abin nufi, madarar da kike zubawa a shayi ba ta tsaya a kanta ba, tana taka wa burodin da kika haɗa da ita burki. Da kika cire ta sai burodi ya samu hanya fetal, ga kuma maltos ya rako shi. Suga ya haura da sauri, jiki ya saki insulin don ya sauko da shi, ya sauko da sauri, sai ciki ya fara kira tun hantsi bai gama dubawa ba.

Akwai wani abin mamaki game da madarar shanu da ya kamata ki sani, don wata rana 'yarki za ta gano shi a intanet ta kawo miki a matsayin hujja. A 2001 masu bincike a wannan Jami'a ta Lund suka nuna cewa madara, duk da ba ta ɗaga suga sosai, tana sa jiki ya saki insulin kusan daidai da farin burodi. Wasu sun ɗauki wannan suna tsorata mutane da shi. Amma binciken da aka yi ta bin dubban mutane shekara da shekaru bai nuna masu shan madara daidai misali sun fi kamuwa da ciwon suga ba. Game da yogot ma akasin haka aka gani, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a watan Maris na 2024 kamfanoni su rubuta cewa cin aƙalla kofi biyu na yogot a mako yana iya rage haɗarin ciwon suga nau'i na biyu, da sharaɗin su bayyana cewa hujjar taƙaitacciya ce. Ni dai ina karanta irin wannan da taka-tsantsan. Mai cin yogot a kai a kai sau da yawa mutum ne mai kula da sauran al'amuran lafiyarsa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa masana'antar madara tana ɗaukar nauyin bincike da dama a wannan fage, kamar yadda masu madarar tsirrai ke ɗaukar nasu. Kowa ya biya mawaƙi, ya san waƙar da yake son ji. Abin da zan iya tsaya miki a kai shi ne madara maras sukari ba abokiyar gabarki ba ce. Ban ce magani ba ce.

To, ita shawarar almon fa? Ta wajen suga, maras zaƙinta ba ta da laifi ko kaɗan: kabohaidiret wajen giram ɗaya a kofi, kalori 30 zuwa 40. Na'urarki da ƙyar za ta motsa. Amma furotin ɗinta ma giram ɗaya ne, don yawancin abin da ke cikin kwalin ruwa ne, almon ɗin 'yan ƙwayoyi ne. In kin koma mata kika bar karin kumallon yadda yake, lambar gwaji za ta ɗan sauka, yunwar ƙarfe goma da rabi kuwa tana nan daram, wataƙila ma ta riga lokacinta. Madarar shinkafa kada ma ki kalle ta, ta fi kowa kabohaidiret, sama da giram 20 a kofi, furotin kusan babu, kuma ita ce kan gaba wajen ɗaga suga. Ta kwakwa da ake sayarwa don sha ita ma furotin ɗinta bai taka kara ya karya ba.

Cikin dangin tsirrai, wadda za ta iya tsayawa kusa da madarar shanu ita ce ta waken soya. Maras sukarinta tana da furotin wajen giram 7 a kofi, kabohaidiret kuma giram 3 zuwa 4, ƙasa da na shanu nesa. Shi ya sa a jagorar cin abinci ta gwamnatin Amurka ta 2020 zuwa 2025, ita kaɗai aka sa a rukunin madara, in dai an ƙara mata kalsiyam da bitamin. Ta ots da almon da shinkafa duk ba su samu shiga ba. A ƙasashen Tarayyar Turai ma tun 2017 kotu ta hana sayar da irin waɗannan abubuwan sha da sunan madara, ban da 'yan kaɗan da doka ta ware. Mu dai muna kiransu madara don sauƙin magana, amma sunan yana ruɗar mutane su zaci abu ɗaya ne aka sauya masa riga. Sai ki kula, ta soya ma akwai mai sukari, kuma ita ta fi yawa a shaguna. Duk giram 4 na sukari da kika gani a kwali, ƙaramin cokali ɗaya ne. In an rubuta giram 16 da aka ƙara, cokali huɗu ke nan a kofi guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci a rana, in ya yi ƙasa da kashi 5 ya fi, wato wajen cokali shida. Laktos ɗin da ke cikin madara tun asali ba ya cikin wannan lissafi.

In kin zaɓi ta tsirrai, ki riƙa girgiza kwalin kafin ki zuba. Kalsiyam ɗin da aka ƙara yana kwanciya a gindi, wani farin laka-laka da mutane ke jefarwa tare da kwali. Kuma ki duba ko an ƙara bitamin B12 da aidin, don madarar shanu tana zuwa da su, tsirrai kuwa ba sa zuwa da su sai an sa.

Sai ƙugin ciki. Wannan ba ke kaɗai ba ce. Wajen kashi biyu cikin uku na manyan mutane a duniya, sinadarin da ke narkar da laktos yana raguwa a hanjinsu bayan yarinta. Abin da bai narke ba sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su yi biki a kansa, iska ta taru. Ba cuta ba ce mai lalata hanji, takura ce. Ke da bakinki kin ce sai kin sha da yawa. Yawancin masu wannan hali suna iya shan kofi ɗaya, musamman tare da abinci, ba tare da wata damuwa ba. Yogot maras sukari ya fi sauƙi a ciki, don ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun riga sun cinye wani ɓangare na laktos ɗin kuma suna taya narkar da saura. Akwai kuma madarar da aka riga aka raba mata laktos. Za ki ji ta fi zaƙi a harshe, amma yawan kabohaidiret ɗinta ɗaya ne da na asali, furotin ɗinta ma yana nan. Abin da zan gargaɗe ki da shi shi ne kada ki rikita madara da 'yan kamanninta. Kakkaurar madarar gwangwani mai zaƙi kusan rabinta sukari ce. Farar hodar nan da ake zubawa a kofi ko shayi don ya yi fari, in kin karanta jerin abin da aka haɗa, sau da yawa ruwan gulukos da man tsirrai ne a sahun farko. Jerin yana farawa ne da abin da ya fi yawa.

Yanzu bari in faɗi abin da maigida da 'yarki duk suka tsallake. Sun kama gardama a kan kofi, sun bar faranti. Burodi yanka biyu yana ɗauke da kabohaidiret giram 25 zuwa 30, ya fi na kowace madara da muka ambata, kuma shi ne babban mai tura lambar nan zuwa 170. Ko da madarar shanu, karin kumallon naki da ma ba mai ƙarfi ba ne, lallaɓawa kawai yake yi. Sannan abin sha ba ya ƙosarwa kamar abin taunawa. Kalorin da aka kurɓa, jiki ba ya lissafa shi da kyau, mutum zai sha kalori 150 ya zauna cin abinci kamar bai sha komai ba. Gwaje-gwajen da ake yi na 'yan sa'o'i suna nuna madara tana rage jin yunwa fiye da abin sha mai sukari, amma ba kullum ragin da ake yi a abinci na gaba yake biyan abin da aka sha ba. Don haka kada ki ɗora wa kofi nauyin da na faranti ne. Ki rage burodin zuwa yanka ɗaya, na alkama da ba a cire mata dusa ba in da hali, ki kawo dafaffen ƙwai ɗaya ko biyu, kowanne furotin giram 6. Ko wake, ko yogot maras sukari da 'yar gyaɗa a kai. Ki fara cin mai furotin ɗin kafin burodi. In faranti ya tsaya da ƙafarsa, abin da kika ɗiga a shayi zai zama ƙaramin al'amari, har ots ɗin ma in cokali biyu ne ba kofi ba. Kilo biyun da kika ƙara kuwa, ina kyautata zaton daga aljihun teburin ofis suka fito, inda biskit yake.

Tunda kin sayi na'ura, ki sa ta raba gardamar gidan. Gani ya kori ji. Ki ɗauki mako biyu. Kwana uku da ta ots, uku da ta shanu, uku da ta soya maras sukari, duk da kofi iri ɗaya, burodi iri ɗaya, lokaci ɗaya. Sauran kwanakin ki gwada sabon farantin mai ƙwai. Kullum ki auna kafin ki ci, ki auna awa ɗaya bayan lomar farko, ki sake bayan awa biyu, sannan ki rubuta ƙarfe nawa yunwa ta fara. Ki wanke hannu ki busar kafin ki huda yatsa, don ɗan zaƙin da ya maƙale a fata yana iya ba ki lambar da za ta tayar miki da hankali a banza. Kada ki yanke hukunci da gwajin rana ɗaya: waɗannan na'urori an yarda su kauce da kusan kashi 15 cikin ɗari, kuma rashin barci ko ɓacin rai kaɗai yana ɗaga suga. Lambar awa biyu ta fi ta awa ɗaya ba da labari. A jikin da ke sarrafa suga da kyau, yawanci ta dawo ƙasa da 140 a lokacin. Mai karatun da na'urarsa ke nuna ƙananan lambobi, ya raba lambobin da na ambata da 18, wato 140 ya zama 7.8.

Rawar hannun nan ba na so ki wuce ta haka nan. Ranar da ta zo, kafin ki kai biskit baki, ki auna. Sau da yawa za a ga suga bai yi ƙasa ba, saurin saukowarsa ne jiki ya ji. Amma in kin ga ƙasa da 70, ki ci wani abu nan take, ki rubuta, kuma ki koma wa likita ba tare da jiran cikar wata shida ba. Haka nan in kin fara yawan ƙishirwa, yawan fitsari musamman da dare, ganinki yana dishi-dishi, ko kina ramewa ba dalili. Masu karatu da ke kan insulin ko ƙwayoyin da ke sauke suga, ku kuma kada ku rage kabohaidiret da yawa ba tare da sanin likitanku ba, don maganin da aka auna da tsohuwar cima yana iya yi muku yawa.

Lambarki ta 6.1 tana tsakiyar zangon da ake kira gab da ciwon suga, daga 5.7 zuwa 6.4, kuma daga wannan zango ana komawa baya. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2002 ya bi mutane sama da dubu uku masu irin halinki. Waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. In nauyinki kilo 80 ne, maganar kilo biyar zuwa shida ake yi. Tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin abinci, ko zagayen harabar ofis ne, tana sauke wannan 170 ɗin, don naman ƙafa yana jan suga daga jini yayin da yake aiki.

In ni ce ke, madarar shanu zan koma, kofi ɗaya ko ƙasa da haka, tunda cikinki yana ɗauka. In ƙugin ya dame ki, ko kuma kina da wani dalilin na barin kayan dabba, soya maras sukari. Ita kuma 'yarki kada ki gwale ta, tsoron kada ta rasa uwa ne ya sa ta bincike. Ki miƙa mata littafin da biro, ita za ta riƙa rubuta lambobin kowace safiya. Ranar komawa asibiti ki tafi da littafin, da hoton bayan kwalayen uku a wayarki.